Masallacin Mutumin da Ya Taka Wata

Baba Khalilu yana yawo da cokalinsa. A aljihun gaba na jallabiyarsa, inda malamai ke soke biro ko asuwaki, shi cokali ne na ƙarfe, madaidaici, wanda ya sha wanki har zanen jikinsa ya goge. In aka tambaye shi dalili sai ya ce cokulan Masar ƙanana ne, an ƙera su don mutanen da ba su da niyyar ƙoshi. Waɗanda suka daɗe da shi sun shaida bai taɓa fita da nufin cin abinci ba. Abincin ne dai ke yawan tarar da shi a hanya.

Mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar. Ya zo Alƙahira karatu wajen tsakiyar shekarun tamanin, da gemunsa, ya shiga ajin share fage na baƙi, ya haɗu da nahawu, suka dubi juna, kowa ya kama gabansa. Bai koma gida ba. Ya auri Awadiyya, Bahaushiyar Sudan mai yi wa amare ƙunshi da haɗa turaren wuta a unguwar Faisal, suka haifi 'ya ɗaya, Fatna. Abin da ya kasa samu a aji ya tsince shi a titi. Ya san tagar da ake ba da iƙama, wato takardar izinin zama, a Mugamma, babban ginin ofisoshin gwamnati, ya kuma san tagar da mai ita ke tafiya shan shayi ba ya dawowa. Ya san masu gadin benayen unguwar Madinat Nasr da sunayen 'ya'yansu, da wanda zai yarda samari shida su kama shaƙƙa ɗaya, wato gidan haya a bene, da wanda zai kai ƙara in ya ji warin daddawa a matakala.

Saboda haka ƙungiyar ɗalibai Hausawa ta bar masa sababbin zuwa. Ba albashi a ciki, ba kuma wanda ya taɓa naɗa shi. Shi ne dai ke tsayawa a filin jirgi duk ƙarshen zafi, ya kwaso su da akwatunansu da garin kuka da kilishi, ya nema musu ɗaki, ya koya musu yadda ake tsallaka titin Alƙahira a kai ga ɗaya gefen da rai. Wannan duk aiki ne. Ladar aikin, a wajensa, ita ce Alhamis ta farko, ranar da yake cika mikrobas da su ya kai su tsohon gari. A ranar ba a ganin wanda nahawu ya kora. Baba ake gani, mai Alƙahira, yana gaba suna biye, in ya tsaya su tsaya.

Yawon yakan ƙare a ƙofar masallaci, gab da la'asar. Nan yake zaunar da su ya ba su labarin mutumin da ya fara taka wata.

Su uku suka tafi, in ji shi, a shekarar sittin da tara, cikin wani abu da bai kai mikrobas ɗin da suka shigo faɗi ba. Biyu suka sauka, aka bar na ukun yana ta kewaya wata yana jiran jirgi, kuma Baba ba ya wuce wannan wurin sai ya tausaya masa, ya ce ashe ko a sama akwai wanda ake bar wa tsaron kaya. Na farkon ya sauko daga tsani da baya da baya, kamar mai saukowa daga rumbu, ya fara ajiye ƙafar hagu. Nan Baba yakan girgiza kai ya ce a yi masa uzuri, lokacin bai san sunna ba. Ƙasar wurin kamar toka take, ba iska, ba tsuntsu, mutum ba ya da nauyi, sai tsalle yake kamar ɗan akuya. Suka kafa tuta, suka ɗebo duwatsu, suka dawo suka faɗa teku aka tsamo su.

Har nan abin ya faru, duniya ta gani. Daga nan kuma sai Baba ya rage murya. Wai a can saman mutumin ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba, bai gaya wa kowa ba. Bayan shekaru ya zo Alƙahira, yana tafiya a titi sai aka kira salla, ya tsaya cik ya ce wannan ne abin da ya ji a wata, ya musulunta nan take. Baba yakan daidaita maganarsa yadda in ya kai nan ladan zai ɗaga murya a bisa kansu. Sai ya nuna hasumiya da haɓa.

"Ga ta nan," yakan ce. "A nan ya tsaya, inda kake zaune ɗin nan."

Wanda aka nuna yakan matsa gefe da sauri. Wasu sukan yi hawaye. Bayan salla kuma sai a tarar, cikin ikon Allah, akwai mai sayar da abinci daf da masallacin, kuma bai dace baƙo ya bar dattijo ya biya ba.

Rabin labarin na biyu ba Baba ya ƙaga shi ba. Yana saurayi a Tasawa aka yi tafiyar, suka ji a rediyon wani mai kanti, tsofaffin gari suka ce a jira a gani. Da jinjirin wata ya tsaya a lokacinsa ba ko tabo a jikinsa, sai suka rufe maganar. Sauran kuwa a tashar mota ta Maraɗi ya ji shi, a kaset ɗin wa'azi, shekara guda kafin ya taso. Yana daga cikin abin da ya sa ya zaɓi Masar. Da ya sauka ya fara tambaya. Direban tasi ya kai shi masallacin Husaini ya rantse nan ne. Wani mai sayar da ful, dafaffen waken Masar, ya ce Sayyida Zainab ne, kawunsa ma yana wurin ranar. Wani ɗan sanda ya ce na Amru ne, a tsohuwar Masar. Ya ɗauki lokaci kafin ya gane cewa Bamisire ya fi son ya ɓatar da kai da ya ce maka bai san hanya ba.

To da ya ga masu gari ba su tsayar da magana ba, shi ma bai matsa wa kansa ba. Shekarar da yake marmarin hanta soyayya, mutumin wata a Sayyida Zainab ya ji kiran salla. Shekarun da ya saba da wani mai fitir, gurasar nan mai maiƙo, a Husaini ya ji. Da gwiwa ta fara damun Baba, sai ya zama a masallacin Amru ne, inda jirgin ƙasa na metro ke ajiye mutum kusa. Ɗalibai suna zuwa suna tafiya, kowane rukuni da nasa masallacin, kuma ba abin da ke haɗa na bana da na shekara biyar baya a kan wannan zance.

Awadiyya ba ta shiga rigimar masallatai, don ita tun daga tushe ba ta yarda an je ba. Ta ce in ma an je, mutumin da zai taka abin da ake duba azumi da shi da takalmi ba mutumin kirki ba ne. Takan kira mijinta Abu Fatna, irin na mutanen Sudan, ta ce masa wata rana 'ya'yan mutane za su haɗa kai. Yakan ce mata ɗalibin ilimi ba ya da lokacin haɗa kai.

A kakar dubu biyu da sha ɗaya gari ba lafiya. An yi juyin juya halin da aka yi a farkon shekara, tsakiyar birni kuma hayaƙi mai sa hawaye bai daina tashi ba. Ƙungiya ta ce kada a fitar da sababbin zuwa daga Madinat Nasr. Da wani ne, da ya haƙura da Alhamis ɗin bana. Baba ya dubi samarin nan, sun zo daga Sakkwato da Damagaram ba su ga komai ba sai bango da tankar soja, ya ga bai kamata a sallame su haka ba. Ya kai su Hayyul Ashir, nan cikin unguwa, ya zaunar da su a ƙofar wata zawiya, ɗan masallacin da ke ƙasan wani bene tsakanin shagon kushari, shinkafa da taliyar Misirawa, da mai gyaran waya. Babu hasumiya, sai lasifika ɗaure a baranda, ita ya nuna da haɓa. Ginin kuwa, ko mai gadinsa ya girme shi nesa ba kusa ba.

A cikin rukunin akwai Abdulbasit, ɗan Argungu, mai saurin kuka da saurin shirya taro. Tun daga ranar ya mai da zawiyar wurin sallarsa, yana tsayawa daidai inda aka nuna masa.

Bayan ƙaramar salla ta shekarar da ta biyo, da kamar mako guda, labari ya zo cewa mutumin ya mutu a Amurka da tsufansa. Abdulbasit ya yi kuka, sannan ya shirya taro. Ya aika saƙon waya ga duk Bahaushen da ke Alƙahira, sababbi da waɗanda suka yi shekara goma sha suna rubuta digiri na uku, cewa ɗan'uwa ya rasu cikin waɗanda ba za su sallace shi ba, don haka a haɗu ranar Juma'a bayan la'asar a yi masa salatul ga'ib, sallar gawar da ba ta nan. Wurin haɗuwa, ya rubuta, masallacin da Baba ya nuna mana.

Fatna ce ta karanta wa Baba saƙon, ta dawo daga ofishin da take aiki a unguwar Muhandisin. Ya sa ta maimaita jimlar ƙarshe. Awadiyya tana tankaɗe lalle, ba ta ɗago ba. Ranar Juma'a gwiwar Baba ta tashi tun safe, yadda ba ta taɓa yi ba.

La'asar na yi waya ta fara. Mutanen Husaini suka ce sun hallara, shi kaɗai ake jira. Ya ce yana hanya, cunkoso ne. Mutanen Sayyida Zainab suka kira, ya ce musu haka. Na Amru suka ce su ba su da yawa, ina sauran, ya ce ai sun san halin 'yan'uwa da makara. Abdulbasit ya kira daga zawiya yana mamakin yadda manya duk suka ƙi zuwa. Baba ya ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, lada ba ta bukatar taro. Akwai ma mutum biyu da suka kira daga wani masallaci kusa da Ƙal'a, tsohuwar fadar kan tudu, wanda shi kansa ya manta ya taɓa kai kowa can, sai da ya tuna wani mai shinkafa da madara da ya daɗe da rasuwa.

A Husaini ba a yi sallar ba, don gardama ta kaure kan cewa Malikawa ba su sallatar gawar da ba ta gabansu. A zawiya an yi. Kafin magariba wani daga Sayyida Zainab ya kira abokinsa na Amru ya tambaye shi me ya hana shi zuwa, abokin ya ce shi da ke tsaye a wurin tun ɗazu. Daga nan ba wanda ya sake kiran Baba.

Shugaban ƙungiya a lokacin Ukasha ne, Bazazzagi, siriri mai tabarau, yana digiri na uku a ilimin hadisi. Aikinsa ke nan shekara da shekaru, bin labari daga baki zuwa baki a ga inda ya karye. Shi ma a zamaninsa ya matsa gefe da sauri a ƙofar Sayyida Zainab, kuma da alama wannan bai bar zuciyarsa ba. Bai yi gaggawa ba. Sai da ya tattara abin da zai tattara, sababbin zuwa saura kaɗan su sauka, sannan ya aika a roƙi Baba ya zo shaƙƙarsa. Maganar da za a yi kowa ya san ta, wato ko za a sake ba shi 'ya'yan mutane.

Baba ya tarar da falo cike, an zauna rukuni rukuni, kowa kusa da mutanen masallacinsa. Shayi kawai aka kawo. Ya lura da wannan tun daga ƙofa.

Ukasha ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi gwiwa, ya tambayi Hajja Awadiyya, sannan ya gyara tabarau.

"Baba, labarin nan daga wa ka ji shi?"

"Daga kaset, ɗana. A tashar Maraɗi."

"Mai kaset ɗin daga wa ya ji?"

"Ban tsayar da kaset na tambaye shi ba."

Aka yi 'yar dariya, Ukasha ya jira ta wuce. Ya ce a ƙa'idarsu, mai ruwaya ɗaya in ya faɗi wuri biyar a labari ɗaya akwai sunan da ake kiransa da shi, amma ba zai faɗa ba saboda furfura. Ya tambaya a cikin biyar ɗin wanne ne.

Baba ya kurɓi shayi. Ya ce mutumin da ya je wata ya dawo, don Allah masallaci ɗaya zai ishe shi? Ai irin wannan in ya shigo gari zagayawa yake yi.

Wani daga baya ya tambaya ko har da zawiyar da ba a gina ba lokacin. Baba ya ce filin dai yana nan tun lokacin.

Ukasha bai yi dariya ba. Ya juyo da kwamfutarsa ya karanta musu, yana fassarawa a hankali, cewa tun farkon tamanin mutumin ya ce bai ji komai a wata ba, bai kuma canja addini ba, gwamnatin ƙasarsa ma ta aika wa ofisoshin jakadancinta da wannan. Wato kafin Baba ya hau jirgin zuwa Masar an riga an ƙaryata. Sannan ya nuna musu hoton kwanan nan, sojojin ruwa da fararen kaya a kan jirgi, an ƙona gawar ana zuba tokar a teku. Abdulbasit ya dubi hoton ya tashi ya shiga banɗaki, aka ji famfo yana ta zuba.

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce dangi dai ba su da kirki. Amma a hankali ya faɗa, ba da muryar Alhamis ba.

Hukuncin bai yi tsanani ba, don ba wanda ke son zuwa Mugamma da kansa. Aka ce filin jirgi nasa ne, iƙama tasa ce, Alhamis ma a bar masa, da sharaɗin ba wata ba tauraro, kuma Ukasha zai bi su. Baba ya ce tamam. Da ya koma gida ya sa Fatna ta nemo masa hoton saukar a wayarta, mai motsi. Ya kara wayar a kunne maimakon ya kalla, ya ce ta ƙara sauti, ta ƙara har ƙarshe. Ba abin da ke ciki sai ƙara da tsit-tsit da Turanci ta hanci. Ya saurara har ya ƙare, ya ce a sake, aka sake. Ya miƙa mata wayar ya ce su ma layinsu ba shi da kyau.

Alhamis ta zo, ya cika alkawari. Ya nuna musu ganuwa da ƙofofin gari, ya faɗi wane sarki ya gina me, rabi daidai. Ukasha na biye kamar inuwa. Samarin suna hamma. Gab da la'asar suka zauna a farfajiyar Husaini, Baba ya haɗa hannu a kan sanda yana haɗiye labarinsa, kamar mai azumin da aka ajiye wa kwano a gaba.

Sai wani sabon zuwa daga Gusau ya matso ya ce yana da saƙo. Limaminsu Malam Ya'ƙub, wanda ya yi karatu nan shekarun baya, ya ce in ya sauka ya nemi Baba Khalilu ya kai shi Sayyida Zainab, inda mutumin wata ya musulunta. Kafin Baba ya buɗe baki wani ɗan Tawa ya ce ai ga su a wurin, Husaini ne, malaminsa ya faɗa a tafsiri kuma da idonsa ya ga hasumiyar. Na Gusau ya ce malaminsa ba ya ƙarya. Na Tawa ya ce to nasa ne ke yi ke nan? Wani daga Katsina ya ce duk su biyun sun ɓata, Amru ne. Aka miƙe tsaye. Har wani ya cire hula ya ba na kusa da shi ya riƙe masa. Misirawa suka fara taruwa suna cewa a yi wa Annabi salati, ladan kuma ya ɗaga murya a bisa kansu, daidai lokacin da ya saba.

Baba bai nuna komai da haɓa ba. Ya san Ya'ƙub, shi ya nema masa ɗakin farko. Ya san malamin Tawa, ya san na Katsina. Duk 'ya'yansa ne, sun zama limamai da masu tafsiri, ga almajiransu za su daku a ƙasar mutane kowa na kare gaskiyar malaminsa, alhali malaman duk gaskiya suka faɗa, abin da aka nuna musu suka ce an nuna musu.

A mikrobas ɗin komawa Ukasha ya zauna kusa da shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce abin ya wuce Alƙahira, yana kan mumbari a gida, don haka Alhamis ta tsaya. Ya ce sai Baba ya kira malaman nan ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu labarin ba shi da asali. Ranar da ya gama, a mayar masa da Alhamis ɗinsa.

Ya fara da Ya'ƙub. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin katin waya. Da ya zo kan magana ya faɗa yadda aka ce ya faɗa, bai rage ba, har da toka da teku. Ya'ƙub ya yi dariya ya ce Baba tsufa ya fara. Ya ce shekara ashirin yana ba da labarin nan daren ashirin da bakwai ga azumi, manyan 'yan kasuwa na kuka, yanzu ya hau mumbari ya ce musu me? Ya ce Yahudawa ne suka matsa wa mutumin ya musa, kowa ya sani. Ya yi wa Baba addu'ar samun lafiya ya kashe. Malamin Tawa ya ce shi ba a waya aka ba shi labarin ba, a ƙofar masallaci aka ba shi, don haka waya ba za ta karɓe ba. Na uku ya ce lalle Ukasha ne ke tsaye kusa da shi.

Baba ya ajiye waya ya yi kwanaki yana tunani. Ya ga labarin ya fi ƙarfinsa, ya yi 'ya'ya da jikoki, ba ya jin kiran wanda ya goya shi. Amma faɗan da ya gani a farfajiya, wannan yana ganin zai iya kashe shi. In ba za su saki labarin ba, to aƙalla su haɗu a masallaci ɗaya. Ya zaɓi na Amru, ya ce shi ne mafi tsufa a ƙasar, ba wanda zai ce ba a gina shi ba lokacin. Ya sake kiran Ya'ƙub ya ce ya yi bincike, kuskuren wuri aka yi. Wannan Ya'ƙub ya karɓa, bayan ja-in-ja, da sharaɗin za a ce mutumin ya biya ta Sayyida Zainab a hanyarsa.

Awadiyya ta ce, "Abu Fatna, an aike ka kashe wuta, kai kuma kana tara ta wuri ɗaya."

Ya ce mata wuta a murhu ba ta ƙona gari.

Ba ya rubuta komai, a ka yake riƙe da su, gari gari, kuma daga yamma ya faro. Dosso, Birnin Kabi, Tawa, Sakkwato. Aikin ba ya sauri. Kowane malami sai an gaisa, an tambayi iyali, an tuna wane da wane, sannan a fara ciniki. Wasu sukan yarda yau, azumi ya zo su koma masallacinsu na da, sai an sake kira. Mutanen Husaini suka fi taurin kai, don sun ɗauki hoto a wurin. Ukasha ya ji abin da ake ciki, ya cire tabarau ya goge, ya ce ba wannan ya ce ba, kuma Alhamis tana nan inda ya ajiye ta.

Shekarar da aka yi abin da aka yi a Madinat Nasr, aka watsa masu zanga-zanga da harsashi, ɗalibai da yawa suka koma gida, waɗanda suka rage ba mai zancen yawo. Baba ya ci gaba da zuwa filin jirgi, ya ci gaba da tsayuwa a layin iƙama, a zaune yanzu, a kan wata 'yar kujera mai naɗewa. Ukasha ya gama digiri ya tafi, har ya zo Faisal sallama ya durƙusa, suka rabu lafiya. Wanda ya gaje shi Abdulbasit ne, wanda ya daina saurin kuka, bai kuma sake salla a zawiyar ba. Baba ya je ya same shi ya ce aiki ya yi nisa, an wuce Gusau, ko za a duba maganar Alhamis. Abdulbasit ya ce shi ba ya warware abin da na gaba ya ƙulla. Baba ya gama tukuna, ko ta wace hanya ya ga dama, shi dai kada ya sake ganin an cire hula a ƙofar masallaci. Sababbin zuwa na shekarun nan kansu suke kai kansu tsohon gari, da waya a hannu tana gaya musu inda za su juya.

Ya rasu cikin sanyin farkon dubu biyu da sha biyar, a gida, bayan 'yar jinya. An sallace shi a Faisal, gawarsa na gaban liman, ba a samu saɓanin mazhaba ba. Fatna ta ce ranar da ciwon ya kwantar da shi yana cikin neman lambar wani mai tafsiri a Funtuwa, wanda ya yi alkawarin zai yi shawara da ladaninsa ya kira. Malaman Katsina da ma na Amru ne, ba su bukaci kira ba. Kano, Zariya, Maraɗi, Damagaram da duk abin da ya yi gabas, bai kai gare su ba.